Gawa a Cikin Kumbo: Six Wakes ko Far from the Light of Heaven, Wanne Za Ka Fara Saya?

Ƙanwata ce ta jawo wannan rubutu. Wata ranar Asabar ta kira ni, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, kuɗin littafi ɗaya gare ni. Ka daɗe kana ba mu labarin littattafan nan biyu na kisan kai a cikin kumbo. Wanne zan saya?" Har na buɗe baki zan ba ta amsa sai na dakata, domin na tuna abin da ya taɓa faruwa a zaman karatun da muke yi da abokai. Akwai wani bawan Allah a cikinmu, ba ya wasa da labarin bincike, na yabe masa ɗaya daga cikin biyun har ya saya. Bayan mako guda ya dawo rai a ɓace, ya ce an yaudare shi. Littafin nan kuwa mai kyau ne. Abin da ya je nema ne babu a ciki, yana cikin ɗayan. Tun daga ranar na daina yabon littafi kai tsaye sai na san abin da mai tambaya yake so.

Littattafan su ne Six Wakes na Mur Lafferty, marubuciya 'yar Amurka, wanda ya fito a 2017, da Far from the Light of Heaven na Tade Thompson, wanda ya fito a 2021. Kamfanin Orbit ne ya buga su duka, kuma da Turanci aka rubuta su. Wanda ya karanta bayan bangonsu kawai zai ɗauka Hassan da Husaini ne. Kowanne jirgin sararin samaniya ne da ya yi nisa da gida, cike da fasinjoji masu dogon barci. A kowanne an farka an tarar da gawa. A kowanne kwamfutar da ke jan ragamar jirgin ta samu matsala. Babu 'yan sanda, babu maƙwabta, babu ƙofar da mai laifi zai bi ya tsere, domin bayan bango babu ko iskar shaƙa. Irin wannan labari na kisa a ɗakin da yake kulle tsoho ne, ana danganta farkonsa da wani gajeren labari na Edgar Allan Poe na 1841, kuma babu ɗakin da ya kai kumbo kulluwa. Amma da zarar an wuce shafukan farko, kowane littafi sai ya kama gabansa.

Bari in fara da Six Wakes, domin shi ne ya fi buƙatar bayani. Jirgin sunansa Dormire, yana kan tafiyar ɗaruruwan shekaru zuwa wata duniya mai suna Artemis da ke kewaya tauraron Tau Ceti. Tauraron nan na gaske ne, nisansa da mu ya kai tafiyar haske ta kusan shekara 12. Tun da babu ɗan Adam da zai rayu tsawon wannan tafiya, ma'aikatan jirgin su shida duk 'yan kwafi ne: idan jikin mutum ya tsufa ko ya mutu, sai a fito da sabon jiki matashi daga tanki, a zuba masa tunanin wancan da duk abin da ya sani, ya tashi ya ci gaba da aiki. Labarin ya buɗe da Maria Arena tana farkawa a cikin tankinta. Injin da ke ba jirgin nauyi a kashe yake, saboda haka komai yawo yake a iska, har da ɗigon jini dunƙule-dunƙule, har da gawarwaki. Da ta duba sai ta ga gawar tata ce da ta abokan aikinta, kuma jikkunan sun manyanta. Abin da suke iya tunawa na ƙarshe shi ne ranar da suka shiga jirgin, alhali kusan shekara 25 ke nan suna tafiya. An share duk abin da ya faru a tsakani.

A nan daɗin littafin yake. Mutum shida ne kawai a farke cikin jirgin, saboda haka a cikinsu mai kisan yake, amma shi kansa bai san shi ne ba. Kyaftin Katrina de la Cruz, da Wolfgang mai kula da tsaro, da likita Joanna Glass, da matuƙi Hiro Sato, da injiniya Paul Seurat, da ita Maria mai girki da share-share, kowannensu yana zargin sauran biyar kuma yana tsoron kansa. Sannan dukkansu tsofaffin masu laifi ne, an yi musu alkawarin yafiya idan suka kai jirgin lafiya, kuma an hana su tona wa juna tarihinsu. An lalata na'urar yin sabon jiki, wato duk wanda ya sake mutuwa yanzu ya tafi ke nan. Ga kuma wani ƙulli: tsohon jikin kyaftin bai mutu ba, yana kwance a ɗakin jinya cikin dogon suma, alhali dokar 'yan kwafi ta haramta mutum ɗaya ya zama biyu a lokaci guda.

Dokokin nan Lafferty ta jera su tun a shafin farko, kafin a fara labari. Ɗan kwafi ba ya haihuwa, shi ne magajin kansa. Kashe kai laifi ne. Taɓa tunanin mutum ko sauya halittarsa laifi ne. Shawarata ga duk wanda zai karanta, kada ya tsallake shafin nan, domin kusan kowace doka a ciki tana da ranarta a gaba.

Far from the Light of Heaven kuwa wata irin tafiya ce. Michelle Campion, wadda ake kira Shell, ta gama horo ta samu aikinta na farko a matsayin mataimakiyar kyaftin a jirgin Ragtime, mai ɗauke da fasinja 1000 zuwa wata duniya da ake kira Bloodroot. Kyaftin ɗin ainihi kwamfuta ce, kuma kowa ya tabbatar mata irin waɗannan kwamfutoci ba su taɓa kasawa ba, aikinta kawai ta yi barcin shekara 10 ta farka ta sa hannu. Ta farka ta tarar kwamfutar ta zama kamar wadda aka cire wa hankali, fasinja 31 kuma an kashe su, an yi gunduwa-gunduwa da su. Daga Bloodroot aka turo mai bincike Rasheed Fin, wanda aka dakatar daga aiki bayan wani kuskure da ya yi, tare da abokin aikinsa Salvo, wanda ƙirar mutum ne ba haihuwa ba. Daga tashar sararin samaniya mai suna Lagos kuma sai ga Lawrence Biz, tsohon abokin mahaifin Shell, da 'yarsa Joké, wadda jininta rabi ba na 'yan Adam ba ne.

Wannan suna na Lagos ba ado ba ne. An haifi Tade Thompson a Landan, iyayensa Yarbawa ne, a Najeriya ya tashi, kuma likitan ƙwaƙwalwa ne a Ingila. Shi ne ya ci kyautar Arthur C. Clarke, wadda ake ba ƙagaggun labaran kimiyya, a 2019 da littafinsa Rosewater. A cikin wannan labari zuriyar mutanen Afirka ne suke riƙe da tashar da jirage ke bi su biya kuɗin fito, da gwamnansu da siyasarsu da rigimar wane ne mai iko na gaske. Ba zan ɓoye ba, ranar da na fara cin karo da wannan sai da na ajiye littafin na ɗan yi shiru. Na saba karanta labaran da ake zuwa taurari ba tare da ko mutum ɗaya mai suna irin na unguwarmu ba, kamar an bar mu a ƙasa an tafi. A nan kuwa mai binciken Rasheed ne, kuma babu wanda ya tsaya yi wa kowa bayanin dalili.

To, me masu karatu suke cewa?

Masu son Six Wakes kusan bakinsu ɗaya a kan farkonsa: da wuya ka karanta babin farko ka iya ajiyewa. Suna kuma yabon yadda kowane ɗaya daga cikin shidan yake samun nasa babi na waiwaye, inda ake komawa da kai duniya shekaru da yawa baya a nuna maka laifin da ya kawo shi jirgin. Sannu a hankali sai ka ga zaren da ya ɗaure su, ka gane ba haɗuwar hanya ba ce ta tara su wuri ɗaya. Littafin ya kai zagayen ƙarshe na manyan kyaututtukan irin waɗannan labarai, wato Hugo da Nebula da Philip K. Dick, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Masu kushe shi kuma a kan waiwayen nan suke tsayawa. Sukan ce daidai lokacin da hankali ya tashi a cikin jirgi sai a ɗauke ka a mayar da kai shekara ɗari baya. Wasu sukan ce maganar mutanen ta yi kama da juna, ba ka jin cewa wannan ya rayu shekaru ɗaruruwa. Wasu kuma sun ga ƙarshen ya zo da gaggawa, kuma na'urorin jirgin sun warware wasu matsaloli cikin sauƙin da ya yi yawa. Wannan kushe na ƙarshe na yarda da shi. Na waiwayen kuwa ban yarda ba, domin a cikinsa ne aka binne shaidun. Wanda ya tsallake shi da gudu don ya koma jirgi, ya zubar da tsabar ya riƙe buhu.

Littafin Thompson ra'ayi ya fi rabuwa a kansa. Masu sonsa suna magana a kan gudu: babobi gajeru, jimloli a datse kamar saran gatari, masifa na bin masifa. Iska na ƙarewa, na'urorin jirgin sun juya wa mutane baya, akwai wani kyarkeci da ke yawo a lungunan jirgin, ga wasu halittun gwaji da suka kuɓuce daga inda aka killace su. Suna son Shell, wadda tsoro ya cika cikinta amma ta ɗaure fuska ta bi tsarin aiki sa'a bayan sa'a, tana jan wani abu mai kama da carbi a hannunta don ta kwantar da hankalinta. Likitancin marubucin ya fito a nan, ya san yadda mutum yake riƙe kansa ranar da komai ya rushe. Shi ma wannan littafi ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Philip K. Dick.

Masu kushe shi kuwa, irin abokin nan nawa, ƙorafinsu ɗaya ne babba, kuma don in bayyana shi sai na koma dandali.

Duk wanda ya yi kacici-kacici yana yaro ya san ƙa'idarsa. Idan aka ce maka "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya," ka yi ta lalube ka kasa, ka ba da gari, aka ce tsintsiya, ba ka jin haushi. Dafe kai kake yi, domin amsar tana cikin tambayar tun farko, kai ne ba ka gani ba. Amma a ce bayan ka ba da gari sai mai tambaya ya kawo amsar da babu yadda za a yi ka ciro ta daga abin da ya faɗa, ai sai ka ce a dawo maka da garinka. Six Wakes kacici-kacici ne na gaskiya. An ba ka mutum shida, an ba ka dokoki, an ba ka gawarwaki da yadda kowace ta mutu: wannan wuƙa, wannan guba a abinci, wannan a rataye a ɗakin tuƙi. Mai lura zai iya kusantar amsar kafin a faɗa. A littafin Thompson kuwa, amsar tana zuwa ne ta wani dogon labari da ake buɗewa can wajen ƙarshe, a kan mutane da wani zalunci da ba a ba ka isasshen haske a kansu ba tun farko. Labarin zaluncin nan yana da ƙarfi, yana taɓa zuciya, musamman ga wanda ya san abin da haƙar ma'adinai ke yi wa talakawan da ke zaune a kan arzikin. Sai dai ba abin da za ka zauna da takarda da biro ka gano ba ne. Rasheed Fin ma kansa bai samu sukunin yin binciken a tsanake ba, yawancin lokacinsa ƙoƙarin tsira da rai yake.

Ƙorafi na biyu shi ne an cusa kaya da yawa a jaka ɗaya: baƙin halittu, siyasar tashar Lagos, wani attajirin da dukiyarsa ta wuce lissafi, tarihin Bloodroot da darasin da ta koya daga wata duniyar da aka fara zama ta lalace. Kowanne zai iya cika littafi, amma an ɗan taɓa an wuce. Ƙarshen ma yankewa ya yi kamar an ɗauke wuta, har mutane da yawa suka ɗauka akwai ci gaba. Ni wannan yawan kayan bai dame ni ba, ya sa na ji duniyar tana da faɗi fiye da jirgin. Amma na fahimci wanda ya ce an ɗanɗana masa an hana shi ƙoshi.

Akwai abubuwan da mai karatu daga cikinmu zai so ya sani kafin ya fitar da kuɗinsa, waɗanda masu sharhi na ƙasashen waje ba su cika damuwa da su ba. Littafin Thompson akwai jini sosai, ana ƙirga sassan jiki ana haɗawa don a san mutum nawa ne, akwai ashariya, akwai kuma wuraren da ba za ka miƙa wa ɗan sakandare ba. Six Wakes ma da jini ya fara, amma nauyinsa a wani wuri yake. Tambayar da ke ƙarƙashinsa ita ce ta rai: idan an kwafe tunaninka an zuba a sabon jiki, kai ne, ko wani ne ya gaji sunanka? Littafin bai kauce wa addini ba, akwai zare guda a kan wani limamin Katolika da wa'azinsa game da ko ɗan kwafi yana da ruhi, kuma wannan zare na cikin mafi ƙarfi a labarin. A zamanmu an kai dare ana muhawara a kansa. Wani ya ce shi bai ga abin ruɗani ba, rai na Allah ne, abin da aka kwafa hoto ne kawai. Wata ta ce to idan hoto ne, da wane dalili za a hukunta shi a kan laifin da wancan ya aikata? Babu wanda ya sauya ra'ayi, amma babu wanda ya tashi da wuri. Wanda irin wannan tambaya take takura masa, gara ya sani tun yanzu. Wanda kuma yake son littafin da zai bar masa abin taunawa, ga shi nan.

Ta fuskar Turanci, na Lafferty ya fi sauƙi. Jimlolinta a miƙe suke, maganganu sun fi bayani yawa, wurin ɗaya ne, mutanen shida ne da kwamfutarsu IAN. Thompson yana tsalle daga kan wannan zuwa kan wancan, daga jirgi zuwa tasha zuwa doron ƙasa, kuma ba ya tsayawa ya fassara kalmomin 'yan sama jannati. Wanda bai saba da ƙagaggun labaran kimiyya ba zai iya yin tuntuɓe a rubu'in farko.

Akwai na uku da ake yawan haɗa su da shi, The Spare Man na Mary Robinette Kowal, na 2022. Shi jirgin shaƙatawa ne tsakanin Wata da duniyar Mars, inda wata attajira mai ƙirƙire-ƙirƙire, Tesla Crane, take cin amarci sai aka kama angonta da zargin kisa. Mai sauƙi ne, akwai raha, akwai ɗan karenta Gimlet da masu karatu ke ƙauna, akwai lauyarta da ke duniya wadda amsarta ke ƙara jinkiri yayin da jirgin ke ƙara nisa. Ana yaba yadda aka nuna rayuwar mai fama da ciwon baya na dindindin. Ana kushe yadda jarumar take amfani da kuɗinta tana taka ma'aikata. Kowane babi kuma da bayanin haɗa abin sha yake farawa, yawancinsu na giya. Ban sa shi a sahun biyun nan ba, domin babu wannan kaɗaici na jirgin da ya yi nisan da ba mai kawo ɗauki.

Saboda haka da ƙanwata ta sake cewa, "Yaya, ka yi shiru," sai na tambaye ta abu ɗaya. Na ce idan kina kallon fim ɗin bincike, kina cikin masu tsayar da shi su ce wallahi wane ne, ko kina cikin masu cewa a yi shiru a ga abin da zai faru? Ta yi dariya ta ce ai na sani, ita ce ke hana kowa sakat da hasashe. Na ce to sayi Six Wakes, ki karanta dokokin shafin farko sau biyu, kuma kada ki raina babin kowa. Da a ce ta ce mini tana son abin da zai hana ta numfashi, ko tana marmarin ganin sunayen gida a tsakiyar taurari, da na Thompson zan ce, in kuma gargaɗe ta kada ta tsaya neman shaidu, ta bi Shell kawai. Ni kaina, idan aka ce in ajiye ɗaya in bayar da ɗaya, na Thompson zan ajiye, saboda Shell da tashar Lagos sun zauna mini a rai fiye da kowa a cikin Dormire. Amma wanda zan miƙa wa mai neman labarin bincike, na Lafferty ne, ba tare da na yi dogon tunani ba.

Bayan kwana tara ta kira ni wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Ta ce saura mata babi kaɗan, kuma ta gano. Ta faɗi suna, ta kawo dalilinta, wani ɗan abu da aka ambata a ɗakin girki tun wajen farko wanda ni ban lura da shi ba sai a karatu na biyu. Ta ce, "Yaya, don Allah faɗa mini, na canka?" Na ce mata ba a karɓar gari sai an gama lalube, ta je ta ƙarasa, zan jira kiranta da safe.